Haƙora 14 da Haƙora 42: Tarihin Giya da Kwana, Daga Filin Tseren Turai Zuwa Yashin Dandin Mahe

Idan ka taɓa hawa bayan ɗan kabu-kabu a yankin Dandin Mahe, can ɓangaren Bodinga da Shagari a jihar Sakkwato, ka san akwai wurin da hira ke yankewa. Kuna tafe bisa kwalta ana labarin farashin gero da na albasa, sai a zo inda za a saki titi a karkata zuwa ƙauye. Nan take mai mashin zai yi shiru. Za ka ji kan babur ya ɗan yi lilo, tayar baya ta zame kaɗan, inji ya canja murya, shi kuma ya sauke ƙafa ɗaya yana jan ƙasa da silifa. Daƙiƙa uku ne ko huɗu, sai hira ta dawo kamar ba a yi komai ba.

Waɗannan daƙiƙu uku su ne abin da wasu mutane a Turai suka mayar wasa, suka sa masa suna motokuros, wato tseren babura a kan yashi da laka da tudu. Sun shafe shekara ɗari suna karya ƙafa da haƙarƙari don su gane abu biyu: wace giya ta dace da wace ƙasa, kuma yaya ake shan kwana a inda taya ba ta da abin kamawa. Mutumin Dandin Mahe ba sai an gina masa filin tsere ba. Kullum yana cikinsa, da buhu biyu a baya, ko mai naƙuda da za a kai asibiti. Shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin da waɗancan suka gano, mu tace wanda zai amfane shi, mu kuma nuna wanda bai kamata ya kwaikwaya ba.

Kafin a yi sarƙa

Labarin daga keke ya faro. A shekarun 1870, kekunan Ingila fedarsu a jikin tayar gaba take. Juyin ƙafa ɗaya, juyin taya ɗaya. To idan kana son gudu fa? Ba ka da wata dabara sai ka ƙara wa tayar girma. Haka aka yi ta ƙarawa har tayar gaba ta kai tsawon mita ɗaya da rabi, mahayi na can sama kamar mai raƙumi. Dutse ƙarami ya isa ya wurgo shi ta ka.

Abin da ya sauko da mutane ƙasa shi ne sarƙa. A 1880 wani injiniya ɗan asalin Suwizalan mai suna Hans Renold, da ke aiki a yankin Manchester, ya ƙera irin sarƙar da har yau ita ce a babur ɗinka. A 1885 John Kemp Starley na birnin Coventry ya fito da keke mai suna Rover: tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya, da sarƙa mai haɗa faranti mai haƙora na wajen feda da wani na tayar baya. Daga ranar girman taya ya daina zama ma'aunin gudu. Yawan haƙora ne ya karɓi aikin. Wannan faranti shi ne makanikai ke kira sufuroket.

Baburan farko ba su ci gajiyar wannan nan da nan ba. Yawancinsu bel ne na fata ko roba ke jan tayar baya, giya kuma ɗaya tak. Idan aka zo hawa, mahayi ya taimaka da feda, in abin ya ƙi ya sauka ya tura. Wani kamfanin Ingila mai suna Zenith ya fito da dabarar canja ƙarfin jan bel ana cikin tafiya, ya kira ta Gradua. Baburansa suka dinga lashe gasar hawan tudu har ƙungiyoyi da dama suka hana su shiga, wai an fi ƙarfin saura. Kamfanin bai yi fushi ba, sai ya mayar da hanin ya zama tallarsa.

Gardamar ta mutu ne a 1911, a tsibirin Isle of Man. A shekarar aka mayar da shahararren tseren tsibirin kan hanyar da ke ratsa tsauni. Baburan kamfanin Indian na Amurka, masu giya biyu da sarƙa, suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a babban rukuni. Kowa ya ga abin da ido: inji mai ƙarfi ba shi da amfani idan ba a iya daidaita ƙarfin nasa da ƙasar da ake takawa ba.

Gudu ko ƙarfi

Ka je wajen bakanike a Bodinga ka ce za ka canja sufuroket, tambayar da zai yi maka ita ce, "Malam, mi kaka so, gudu ko ƙarhi?" Duk kimiyyar abin tana cikin tambayar nan, don ba a samun su biyun a lokaci guda.

Bari mu yi lissafi. A ɗauka farantin gaba, wanda ke jikin inji, haƙoransa 14 ne, na baya kuma 42. Ka raba 42 gida 14, ka samu 3. Ma'ana sai na gaba ya juya sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. An rage saurin juyi sau uku, amma an ninka ƙarfin juyin sau uku. Daidai yake da mai ɗaga dutse da doguwar sanda: hannunsa ya yi tafiya mai nisa, dutsen ya motsa kaɗan, amma ya motsa ɗin.

Yanzu sa mai haƙora 15 a gaba, ka bar 42 a baya. Lissafi ya koma 2.8. A gudu iri ɗaya inji zai rage juyi da kusan kashi 7 cikin ɗari, ya rage ihu a kan kwalta. Sai dai ƙarfin da ke isa taya shi ma ya ragu da kusan kashi 7 ɗin, a kowace giya, har da lamba ɗaya da kake tashi da ita. In kuma ka bar 14 a gaba ka sa 45 a baya, lissafi ya zama 3.2: ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 7, inji kuma zai fi kuka a doguwar hanya. Ka lura da wani abu a nan. Haƙori ɗaya a gaba ya yi daidai da kusan uku a baya. Shi ya sa 'yan tsere suka fi taɓa na baya, haƙori ɗaya ko biyu, don gyaran ya zo a hankali. Sun kuma guji ƙanƙanta na gaba fiye da kima, saboda sarƙa na lanƙwasa sosai a kansa, ta ci da wuri.

Me ya sa wannan lissafi ya zama maganar cin abinci a ƙasarmu? Sai mu koma baya kaɗan. Babur ya yawaita a hannun ma'aikatan arewa bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975, zamanin Janar Gowon, lokacin da malamin makaranta da akawu suka sayi Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa. Wancan babur na zuwa ofis ne da zuwa Juma'a. Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, mota ta fi ƙarfin talaka, babur ya koma sana'a: acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato, okada a kudu. Daga baya Jincheng na Sin ya shigo da araha, sannan Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya mamaye ƙauyuka. Kano ta hana goyo a babur cikin birni a Janairun 2013, amma a karkara babu abin da zai maye gurbinsa. Sai kuma 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan duk dabarar da aka ce tana rage shan mai, mai mashin zai saurare ta.

Ƙara haƙori a gaba na cikin waɗannan dabaru, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Wanda aikinsa kwalta ne zalla, Bodinga zuwa Sakkwato da dawowa, da fasinja ɗaya, yana iya ganin ɗan sauƙi. Amma wanda rabin tafiyarsa jigawa ce da fadama, ga kaya, ya sayi wahala da kuɗinsa. Babur zai ƙi tashi sai an riƙe kuloci rabi-da-rabi ana murɗa totur. Wannan riƙon zafi yake haifarwa, zafin kuma mai ne aka ƙona bai motsa taya ba, ga faifan kuloci na cinyewa. Inda da zai wuce da lamba uku, yanzu sai ya koma lamba biyu inji na ihu. Abin da ya tara a kwalta ya zubar a yashi, har da riba.

Yadda 'yan tsere suka koyi tambayar daidai

An fi danganta tseren farko irin wannan da garin Camberley na Ingila, a 1924. A 1947 aka fara gasar ƙasa da ƙasa a Holan, a 1957 kuma abin ya zama gasar duniya. Baburan farko manya ne masu nauyi, na titi da aka ɗan gyara. A shekarun 1960 marasa nauyi irin su CZ na Cekosulobakiya da Husqvarna na Suwidin suka kore su, a 1970 kuma Joël Robert ɗan Beljiyam ya ci wa Suzuki kambun duniya, karo na farko ga kamfanin Japan. Wasan juriya ma ya biyo ta ƙofar gidanmu. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi ranar 26 ga Disambar 1978, ya ratsa Agadas da Yamai. Ababen hawa 182 suka tashi, 74 suka isa. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan babur yake, Yamaha XT500.

Babban abin da waɗannan mutane suka gano shi ne ba a zaɓen sufuroket don miƙaƙƙiyar hanya. Don kwana ake zaɓensa. Ɗan tsere zai zagaya fili ya tambayi kansa: a kwanonin da suka fi wuya, wace giya nake ciki? Idan a lamba biyu inji na ihu har ya ƙure, a lamba uku kuma yana shaƙewa, to ya faɗa tsakanin giya biyu. Sai ya ƙara haƙori ɗaya ko biyu a baya don lamba uku ta iya ja tun daga tsakiyar kwana har fita. Dalili kuwa, canja giya a tsakiyar kwana na yanke ƙarfin da ke zuwa taya, sannan ya dawo da shi da fizga. A kan ƙasa mai santsi, wannan fizgar ce ke kayar da mutum.

Kai ma tambayar da za ka yi ke nan, ba ta gudun ƙarshe ba. Wane wuri ne ya fi wuya a hanyar da nake bi kullum, da irin kayan da nake ɗauka? Shi za a yi wa giya.

Kwana kuma lissafi ce

Duk abin da ke tafiya so yake ya miƙe. Kafin ya karkata sai wani ƙarfi ya ja shi gefe, kuma a babur babu mai wannan aiki sai ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai wuce tafin hannun yaro ba. Ƙarfin da ake buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, buƙata ta ninka sau huɗu.

Ɗauki kwanar da zagayenta ya yi daidai da da'irar da ke da mita 20 daga tsakiya zuwa baki, irin kwanar shiga ƙauye. A gudun kilomita 30 a awa, babur zai kwanta kimanin digiri 20, ba wata damuwa. A kilomita 60, kwanar nan dai, sai ya kwanta kimanin digiri 55, abin da tayar kabu-kabu ba za ta iya ba ko a busasshiyar kwalta. Idan riƙon kwalta ya ba ka damar shan wannan kwana a kilomita 45, yashin da iska ta tara a bakin titi ya rage riƙon da rabi, iyakarka ta sauko zuwa kimanin 32. Ido ba ya ganin bambancin 32 da 45 sosai. Taya tana gani.

Wani abin mamaki: a takarda, nauyin kaya ba ya canja yawan kwanciyar da babur ke buƙata. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Buhun da aka ɗaure can baya bisa kariya yana ɗage nauyi daga tayar gaba, ita ce kuwa mai jan ragama. Kaya mai tsawo kuma yana sa babur ya yi nauyin kwanciya da nauyin tashi. Kowane tsohon direban mashin ya san buhu na farko kusa da bayansa ake jawo shi, ko da ba zai iya faɗa maka dalilin da lissafi ba.

Riƙon taya kamar kuɗin cefane ne, guda ne, daga cikinsa birki ke ci, kwana ke ci, totur ma ke ci. Idan kwana ta riga ta cinye kusan duka, ka kama birki da ƙarfi, babu inda za a ciro sauran, sai taya ta saki. Shi ya sa ƙa'idar ita ce: a gama birki da saukar da giya tun babur na tsaye a miƙe, a shiga kwana a hankali, a riƙe totur kaɗan ba yankewa, sannan a ƙara wuta yayin da babur ke miƙewa. Ido kuma ya tafi inda za a fita, ba kan ramin da ake tsoro ba, don hannu bin ido yake yi.

A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da rahoton binciken haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles. A haɗurran da babur shi kaɗai ya faɗi, kusan biyu cikin uku kuskuren mahayi ne ya jawo, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne zamewa saboda danna birki fiye da kima, ko fita daga hanya a kwana saboda gudu. Ya kuma ga mahaya da yawa na danne birkin baya su ƙyale na gaba. In ka san 'yan mashin ɗinmu, za ka ce da su yake. Akwai masu tsoron birkin gaba har su bar wayarsa a tsinke wata da watanni. Gaskiya ne a cikin yashi da tsakiyar kwana birkin gaba na kayarwa. Amma a kan kwalta, babur na miƙe, shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa idan an taka birki.

Ga kuma wani abu da jikinka ya sani amma ƙila kanka bai sani ba. Idan babur na gudu, kafin ya karkata hagu sai kan nasa ya ɗan juya dama tukuna. Wannan ɗan juyin ne ke zare tayoyi daga ƙarƙashinka, babur ya kwanta hagu, sannan kwana ta fara. Wilbur Wright, ɗaya daga 'yan'uwan nan biyu masu shagon keke da suka tashi jirgin sama a 1903, ya lura da wannan a kan keke, ya kuma lura mahaya ba su san suna yi ba. Gwada da keke a fili babu kowa: kana tafiya, tura hannun hagu gaba kaɗan. Za ka ga ka nufi hagu. Amfanin sanin abin shi ne ranar da akuya ta faɗo titi, mai sani zai tura hannu da gangan ya kauce, marar sani ya sandare ya tunkare ta.

Cikin yashi mai zurfi dokar ta ɗan juya. Tayar gaba so take ta nutse ta yi huɗa kamar garma, kuma sakin totur farat ɗaya shi ke tura nauyi kanta. 'Yan tseren hamada sun koyi janye jiki baya, su riƙe wuta daidai, su sassauta hannu su bar kan babur ya yi lilonsa, su kama tanki da gwiwa. Sukan rage iskar taya kaɗan don ta yi faɗi, amma mai ɗaukar buhu ya yi hattara da wannan, don taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin nauyi tana zafi, tana kuma cizon tub. A kwana mai santsi kuwa sukan kwantar da babur su bar jikinsu a tsaye a kansa, su danna matakin ƙafa na waje. Wannan kowa na iya ɗauka.

Abin da ba mu ba da shawarar a ɗauka ba shi ne miƙa ƙafa. Za ka ga hoton ɗan motokuros ya miƙe ƙafar ciki gaba a kwana, ka ce ai haka namu ke yi. Ba ɗaya ba ne. Shi gaba yake miƙa ta, kusa da tayar gaba, a sama, don ya ƙara mata nauyi, kuma sanye yake da takalmi mai tauri har gwiwa. Namu ja yake da ita a ƙasa, cikin silifa, inda kututturen gero ko dutse zai iya kama ta ya murɗe. In tafiya ta yi sanyi har ana buƙatar dogarawa, a dogara. In da gudu, ƙafa ta zauna a matakinta. Haka nan al'adar sa firi ko kashe inji a gangare don tsimin mai: babur da ba ya cikin giya ba shi da abin da zai riƙe tayar baya, kuma in kwana ta zo da yashi ba ka da wutar da za ka fita da ita. Man da aka tsira da shi bai kai cikin murfin kwalba ba.

Hular kwano ma ta cancanci layi ɗaya. Da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, aka yi ta dariya. 'Yan tseren da muka yi ta ambato, duk ƙwarewarsu, babu mai hawa fili ba tare da ita ba.

In za ka duba naka babur, yawanci ana buga adadin haƙora a jikin farantin, in ya goge sai ka sa alli a haƙori ɗaya ka ƙirga. Dubi siffar haƙoran: idan sun yi tsini sun karkata gefe guda kamar ƙaya, sun gama aiki. Ja sarƙa daga bayan farantin baya, idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ita ma ta gama. Sarƙa ba miƙewa take yi kamar roba ba, ƙusoshin cikinta ne ke cinyewa, kuma ƙurar hunturu da ta haɗu da baƙin mai ita ce ke cin su kamar dutsen wasa wuƙa, don haka a wanke kafin a sa sabon mai. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faranti ba ta daɗewa, shi ya sa ake canja su ukun tare. Idan bakanike zai ɗaure, ka zauna a kan babur ɗin ya gwada, ya bar mata sakin kimanin faɗin yatsu biyu a tsakiya, don idan aka ɗora kaya babur ya zauna, sarƙar ƙara tsukewa take yi.